Ni Ce, Ko Faifan Baba?

Na karanta saƙonninku duka, har da na wadda ta ce in daina tsirfa in riƙe saurayi tunda Allah ya kawo. Na gode. Mamana ma abin da take faɗa ke nan, sai dai ita ba ta tsayawa rubutu, a kan matakala take tare ni. Ga waɗanda yau suka fara leƙowa, sunana Lorna, a Cradley Heath aka haife ni, kuma ina aiki a sashen tsofaffin takardu na laburare, inda mutum zai wuni ba wanda ya ce masa kanzil. Aikin ya dace da ni. Tun muna jami'a ƙawayena ke cewa bakina hutu yake yi, idona ke aikin mutum biyu.

Abin da zan ba ku yau ranar Lahadin da ta wuce ya faru. Amma sai na fara da zancen faifan, in ba haka ba za ku ce ni ce mai mugun zato.

Babana, Desmond, makaɗin ganga ne a zamaninsa. Shi da abokansa suka kafa ƙungiyar kiɗan metal, irin kiɗan nan da gita ke ruri kamar injin masana'anta, suka sa mata suna Maƙeran Sarƙa, don kakanninsu duk sarƙa suka ƙera a garin nan. Faifan garmaho ɗaya tak suka fitar a 1980, Wuta Ta Mutu a Cradley. Daga nan suka watse, Baba ya aske gashi ya kama tuƙin bas. Mu a gida mun ɗauka magana ta ƙare. Ashe faifan yana can yana tara masoya a ƙasashen da Baba bai taɓa takawa ba.

A tsakiyar kowane faifai, kusa da tambari, akwai ɗan fili mai santsi inda waƙa ke ƙarewa allura ta yi ta zagaye. Masu yankan faifai na da sukan karce 'yan kalmomi a wurin da tsinken ƙarfe, ƙanana, sai ka karkata shi ga haske za ka gani. Baba ya roƙi mai yankan nasu ya karce masa: Glenda, ki aure ni. Glenda ita ce Mama. Ba a jima ba ruwa ya cika ɗakin ajiyar kamfanin, bugun farko ya lalace kusan duka, da aka sake bugawa kuma wani ne ya yanka, babu rubutun. Masu tara faifai sun ce waɗanda suka tsira ba su cika yatsun hannu ba. Ɗaya yana cikin kabad ɗin falonmu, ƙarƙashin zannuwan tebur na Kirsimeti.

Bara wani kamfani ya sake fitar da shi, ja wur, a kwali mai sheƙi. Suka zo da kyamara suka yi hira da Baba a kujerarsa. Da aka tambaye shi ko zai sayar da na asalin, sai ya kalli kyamara ya ce, "Ba na sayarwa ba ne. Shi ya samo min mata. Na 'yata Lorna ne, ranar da ta yi aure za ta tafi da shi gidan mijinta."

Jama'a, ina bayan ƙofa ina ji. Ji na yi kamar an liƙa min farashi a goshi.

Duk da haka masu tara faifai ba su daina zuwa ba. Maza masu furfura da baƙaƙen riguna, suna danna ƙararrawa suna sunkuyar da kai kamar sun zo gaisuwar mutuwa. Ɗaya Baba ya taɓa bari ya shigo, wani Bajamushe mai ladabi. Ina gefe ina kallon yadda ya riƙe faifan: gefen a tafin hannu, ɗan yatsa a kan tambari, ko kusa da layukan waƙar bai kai ba. Da ya ga yadda Baba ke mayar da shi kuwa, saura kaɗan ya yi hawaye. Faifai yana da 'yar rigar takarda a ciki, sannan kwali a waje. Baba yakan tura su baki ɗaya yana kallon waje, da ka karkata kwalin faifan zai zamo. Bajamushen ya nuna masa cewa juya bakin takardar ake yi ya kalli sama, sai kwalin ya rufe shi ruf.

"Faifai ne, ba jariri ba," Baba ya ce, ya raka shi ƙofa.

Ba a daɗe da fitar hirar nan ba Warren ya shigo laburare.

Ya ce taswirar tsohuwar unguwar kakansa yake nema. Dogo ne, mai gyaran hita da famfo, muryarsa ƙasa-ƙasa. Na nemo masa taswirar. Ya dawo neman wata. Ranar da ya dawo karo na gaba bai ma yi ƙaryar taswira ba, kofi biyu ya riƙo. Zan faɗa muku gaskiya tunda ba kwa ganin fuskata: ina son sa. Shi ne namiji na farko da in na yi shiru ba ya hanzarin cike wurin da surutu. Sai ya jira. Da na gaya masa aikin Baba na da, dariya ya yi ya ce shi bai san komai a kiɗa ba, rediyon motarsa ba ta taɓa barin tashar ƙwallo.

To amma idon nan nawa.

In ya sunkuya zai sha kofi, sai ya kai hannu bayan kunne ya gyara gashin da babu shi. Askinsa kuwa sabo ne, fatar ƙeyarsa ko rana ba ta gani ba. Jaket ɗinsa na jins ya koɗe ko'ina, ban da wasu wurare masu kusurwa huɗu a baya da kafaɗa, inda shuɗin yake nan da ƙarfinsa, an zagaye su da ƙananan hujin allura. Duk wanda ya tashi a gida irin namu ya san tamburan ƙungiyoyin kiɗan metal ake ɗinkawa a jaket haka, ya kuma san sai da dalili mutum ke zama ya warware su ɗaya bayan ɗaya. A jikin makullansa akwai ɗan gwangwani mai robobin toshe kunne, irin na masu zuwa wasan kiɗa mai ƙara. Na aiki ne, in ji shi. Wataƙila.

Mama kuwa tun ranar da ya gyara mana hita ya ƙi karɓar ko sisi ta gama yanke hukunci.

"Shekara ashirin da bakwai," take cewa, "kina can ƙarƙashin ƙasa da takardun matattu. Ga mutum da sana'arsa, da motarsa, yana goge ƙafa kafin ya shigo. Me kuma kike nema, a sauko miki da shi daga sama?"

Ranar Asabar da yamma wayata ta yi ƙara. Gwaggo Doreen ce, yayar Baba, wadda ba a cin abincin Lahadi a danginmu ba ta san abin da aka dafa ba.

"Glenda ta ce gobe zai zo cin abinci. Ki sa koriyar rigar nan. Ban da suwaitar da ke mai da ke buhun dankali. Kuma ki yi magana, mutum ba ya auren labule."

Ban gama karantawa ba na Warren ya shigo.

"Me zan kawo wa Mama, fure ko kek?"

"Fure," na rubuta.

"To. Baba yana gida goben?"

Na daɗe ina kallon tambayar nan. Ina Baba zai je ranar Lahadi? Tambaya ce da kowane saurayi zai iya yi. In ka ga kare yana shinshinar takalmi, aka ce, ɗauka zai yi. Amma wani karen ai shinshina ce kawai halinsa. Na rubuta "E", na kife wayar.

Lahadi ta zo da ruwa tun safe, irin yayyafin nan da ba ya ƙarfi ba ya ɗaukewa. Na sa koriyar rigar, mai ƙananan maɓallai har wuya, na ɗaure gashina, na sa 'yan kunnen da kakata ta bar min. Da na sauko Mama ta zagaye ni sau ɗaya, ta ɓalle maɓallin sama ba tare da ta tambaye ni ba. Ta fito da farantan da ba a taɓa su sai da baƙo, masu zanen shuɗin fure a baki. Ta goge karnukan tangaran da ke kan murhu, ta gyara hoton Baba na zamanin gashi har kafaɗa, wanda kullum take cewa ya yi kama da tsintsiyar goge daɓe. Gidan duk ƙamshin gasasshiyar kaza da dankali.

Baba yana kujerarsa da jarida, na'urar jinsa tana maƙale a kunnensa amma na san a kashe take. Ganga ta cinye masa kunne tun yana saurayi, kuma ya gano amfanin hakan tun da ya yi aure.

"Desmond, ka canza rigar nan."

Bai ɗago daga jaridar ba.

"Desmond. Na san kana gani na."

"Kaza ta yi," ya ce, ya juya shafi.

Warren ya iso da fure, cikin farar riga, jaket ɗin jins a kai. Ya goge ƙafa. Mama ta kalle ni ta gefen ido, wai kin gani.

A tebur komai ya tafi daidai har ya fara ba ni tsoro. Ya yaba romon, ya ƙara dankali, ya bar wa Baba cinyar kaza. Mama ta tambaye shi mahaifiyarsa, da gidan da yake haya, da ko yana son yara, duk a numfashi ɗaya. Ni dai ina yanka karas ƙanana-ƙanana.

"Kai ɗana ba ka san yadda tsohon nan ya nemi aurena ba ko?" Mama ta ce. "Mutane suna durƙusawa da zobe, shi faifai ya miƙo min a bakin tashar bas ya gudu. Ya bar saƙo a jiki wai in gani."

"Hunturu guda ina jiran amsa," Baba ya ce. Ashe ya kunna na'urar.

"Wa zai duba can? Kiɗan ma ban taɓa iya kai shi ƙarshe ba, kaina ke sarawa. Sai da Doreen ta zo ta ce, ke wai makauniya ce? Tashi ka nuna masa, Desmond."

Baba ya miƙe da ƙyar, ya ɗauko jan, sabon bugun, ya zare shi ya miƙa. Na ajiye wuƙata. Warren ya karɓa da hannu biyu kamar an ba shi faranti mai zafi, har ya ɗora babban yatsa a kan layukan.

"Kai, ja ne," ya ce. "Ban san ana yin su da launi ba."

Zuciyata ta ɗan sauka. Na ce a raina, Lorna, kin ga irinta ko, kin zauna kina ƙirga hujin allura a rigar bawan Allah. Sai dai na lura yatsan bai daɗe a wurin ba. Ya ɗaga shi da sauri, kamar wanda ya taɓa wuta.

"Ba wannan ba," Mama ta ce. "Wannan na 'yan kasuwa ne. Nawa za ka ɗauko."

Baba ya dube ta, ya dube ni. Ya buɗe kabad, ya ɗaga zannuwan Kirsimeti, ya zaro tsohon kwalin, baƙi, gefunansa sun yi fari don tsufa, da hoton sarƙa a kan garwashi. Ya miƙo shi ta saman tebur, a karkace, yadda ya saba miƙa komai.

Faifan ya zamo.

Ƙasa ya nufa, tsakanin tebur da murhu, inda daɓen tayil ne. Mama ta dafe ƙirji. Ni ko motsi ban yi ba. Hannun Warren ne ya riga kowa. Ban ga tashinsa ba, sai ganin faifan na yi zaune a hannunsa, gefen a tafi, ɗan yatsa a kan tambari, babu abin da ya taɓa layukan. Mutumin da ɗazu ya riƙe ja kamar faranti.

"Allah ya yi maka albarka, ɗana," Mama ta ce. "Ka ga hannun ma'aikaci."

Bai ji ta ba. Ya sa faifan tsakanin tafukansa biyu, ya juya shi zuwa ɗaya fuskar a tafi ɗaya, ya karkata shi wajen taga, ya ɗan runtse ido. Leɓensa ya motsa.

Babu wanda ya gaya masa a wace fuska rubutun yake. Babu wanda ya ce masa a tsakiya ake dubawa, ko sai an karkata ga haske. Mama ta yi hunturu guda da faifan nan a ɗakinta ba ta gani ba.

Sannan ya mayar da shi cikin rigar takardar, ya juya bakinta sama, ya zura a kwali a hankali, ya ajiye a kan kabad. Duk wannan bai san ya yi ba. Sai da ya ɗago muka haɗa ido, na ga murmushinsa ya tsaya a rabi.

"Kastad," Mama ta ce. "A'a, bari in fara ɗauko hotunan bikinmu ka gani. Lorna, ku kwashe farantan nan ke da shi."

A kicin na tara ruwan zafi, na miƙa masa tawul. Na wanke faranti ɗaya, ya goge. Na wanke na biyu. Ni da ko mai shago ya ba ni canjin da bai cika ba sai in ce na gode.

"Tambura nawa ka warware daga jaket ɗin?" na ce.

Tawul ɗin ya tsaya.

"Lorna."

"Gashin fa, har ina ya kai?"

Ya ajiye farantin a hankali. Ya nuna tsakiyar bayansa.

"Ka san faifan."

"Tun ina ɗan shekara sha huɗu. Kawuna ya ba ni bugu na biyu. Da shi na koyi..." Ya ninke tawul ɗin. "Na san shi."

"Tashar ƙwallo kuma?"

"Ina jin ƙwallo. Wannan ba ƙarya ba ce."

"Sannu da gaskiya."

Na ci gaba da cuɗa cokali ɗaya da ya daɗe da fita. Daga sama muna jin Mama tana jan akwatuna.

"Ka ga hirar Baba?"

"Na gani."

"Ita ta kai ka laburare."

"Ita ta kai ni," ya ce. "Ba ita ta zaunar da ni ba. Na so in ga ko za a bar ni in kalle shi sau ɗaya, shi ke nan. Na ji yadda Baba ke korar irinmu, shi ya sa na yi aski. Sai na same ki kina yi wa taswira magana ƙasa-ƙasa, kina ba ta haƙuri don za ki naɗe ta. Daga nan kuma kullum na ce yau zan gaya miki, sai in ga in na faɗa kin tafi ke nan."

Kun ji maganar ko? Mai daɗi. Irin wadda mutum zai so ya ɗauka ya sa a aljihu. Abin da ya hana ni shi ne, mutumin da ya iya zama da reza yana warware ɗinki ɗaya bayan ɗaya, zai iya zama ya shirya magana mai daɗi. Ta yaya zan bambance? Ko shi kansa ya bambance?

Na tsane hannuna a jikin koriyar rigar, na wuce falo. Baba yana kujera, ido a rufe, hannu a kan ciki. Na ɗauki baƙin kwalin daga kan kabad. Don sauri na karkata shi, faifan ya zamo, na tare shi da cikina na tura shi ciki. Ban tsaya tunanin komai ba.

Warren ya biyo ni har bakin ƙofa, inda muke rataye riguna. Na danna masa kwalin a ƙirji.

"Nawa ne, duniya ta ji Baba ya faɗa. Na ba ka. Ba sai ka aure ni ba."

"Kada ki yi haka."

"Na sauƙaƙa maka ne. Ka huta da fure, ka huta da hita, gashinka ya tsiro."

"Ba na so."

"Kana so. Na ga fuskarka a taga. Ni ba ka taɓa kallona haka ba." Na ƙara danna masa kwalin. "Ka je da shi. In shi ne, ka samu, kada ka dawo. In ba shi ba ne, ka san hanya."

Na buɗe ƙofa. Ya tsaya yana duban ruwan, yana duban kwalin. Sai ya buɗe jaket ya sa shi a ciki, ya rungume, ya fita da sauri zuwa motarsa. Shi kansa ruwan yana dukansa a ka, bai damu ba.

Mama ta sauko da kundin hotuna a hannu daidai lokacin da na rufe ƙofa.

"Ina yaron?"

"Ya tafi."

"Ya tafi ina, ga kastad a wuta? Me kika ce masa? Shekara da shekaru ana roƙonki ki buɗe baki, yau da kika buɗe kora kika yi?" Ta leƙa falo. "Desmond, tashi, 'yarka ta kori mutum."

Na bar ta tana faɗa na je tagar falo, na ɗaga gefen labule. Motar tana nan a ƙofar gida. Bai tayar ba. Ruwa yana gangarowa a gilashin, numfashinsa kuma ya sa ya yi hazo daga ciki, ba na ganin komai sai inuwar mutum a zaune. Mama ta shige kicin tana buga tukwane don kowa ya ji. Motar dai ba ta motsa ba. Na ji wani abu mai kama da fata yana ɗagowa a ƙirjina, na ce masa ya zauna tukuna.

"Auta," Baba ya ce daga bayana. Idonsa a buɗe tar. "Wanda ke kan kabad kika ba shi?"

"Ka yi haƙuri, Baba. Ka ce nawa ne."

"Naki ne. Ga shi nan." Ya miƙa hannu bayan kujera ya ɗago kwalin nan mai sheƙi na sabon bugu, ya ɗan zaro abin da ke ciki. Baƙi ne, ba ja ba. "Kuna kicin na musanya. Wanda ke hannunsa bugu na biyu ne da ke nan cikin kabad, ina da irinsa a saman rufi har ban san yadda zan yi da su ba."

Na saki labulen.

"Kai ma ka gane?"

"Tun ranar hita. Yana jiran shayi yana buga ƙafa a ƙarƙashin tebur. Waƙa ta uku, wurin da na karkace bugun. Mutum ba ya buga wannan bisa kuskure. Kunne ne ba ni da shi, amma katakon ƙasa yana gaya min."

"Shi ne ba ka faɗa ba?"

"Na ga kina dariya a waya. Na daɗe ban ji ba." Ya sosa haɓa. "To, ban ji ba ɗin, amma na gani. Kuma son kiɗana ba laifi ba ne, uwarki ce kawai ta ɗauke shi haka."

"Baba, ka ɓata min komai."

"Na tsare miki gado."

"In ya dawo yanzu, ta yaya zan san ni ya dawo wa? In ya zaro ya duba ya ga babu rubutun, ai dole ya dawo. Na asalin yana nan gidan. Ni ma ina nan gidan."

Baba ya dubi kwalin da ke hannunsa. Na ga bai kai tunaninsa nan ba. Ya kai hannu kunne kamar zai kashe na'urar, sai ya fasa.

Ƙararrawar ƙofa ta yi ƙara.

"Ni zan buɗe," na ce, kafin Mama ta fito.

Tsakanin falo da ƙofarmu ba nisa, amma a nan na tuna. Warren ya mayar da faifan a gabana, bakin takarda sama, kwali ya rufe ruf. Amma da na ɗauka daga kan kabad ya zamo min a ciki, don hannun Baba ne ya taɓa shi a ƙarshe, baki a waje, yadda ya saba tun kafin a haife ni. Haka na tura shi, haka na ba da shi. In ba a buɗe ba, haka zai dawo.

Yana tsaye a kan matakala, ruwa na ɗiga daga ɗan gashin da ya rage masa, farar rigar ta manne a kafaɗa. Ya zaro kwalin daga jaket, a bushe ƙayau, ya miƙo min da hannu biyu. Idonsa ya yi ja. Ban sani ba ko ruwa ne.

"Karɓi abinki," ya ce. "Na zauna na yi tunani. Ko buɗe shi ban yi ba, Lorna. Ke na dawo wa."

Allah ya sani na so in yarda. Na so in jefar da kwalin a kan takalma in ce shigo kana jiƙewa. Na karɓa. Ban kalli fuskarsa ba. Na riƙe kwalin a tsakaninmu, na juya bakinsa ƙasa, saitin daɓe, na jira.

Faifan bai motsa ba.

Na ɗan girgiza shi. Yana nan zaune daram, an juya masa riga, an rufe shi da kyau, aikin hannun wanda ya san darajarsa.

Ya kalli kwalin, ya kalli hannunsa. Na ga daidai lokacin da ya gane.

"Wane ne?" Mama ta ɗaga murya daga kicin. "In ɗana ne, ce masa ya shigo, kastad bai huce ba."

Ban ce shigo ba. Ban kuma rufe ƙofar ba.